Rikicin Na'ura Ko Rikicin Kujera?

Ran 17 ga Nuwamba 2023 hukumar kamfanin OpenAI na Amurka, mai ChatGPT, ta sallami shugabansa Sam Altman, wai yana yi mata rufa-rufa. Ma'aikata fiye da 700 suka ce in bai dawo ba, su ma sun tafi. Kafin mako ya zagayo ya koma kujerarsa, uku cikin huɗun da suka kore shi suka sauka.

Kada mu ce abin na Turawa ne. A 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, matasanmu kuwa sun soma sanin wannan ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya da tsara lissafi. Ranar da yaro ya kawo ta wurin dillalan albasar Aliero, ko kantin Jega, ko ƙungiyar manoman Maiyama, tsohon akawu zai ga littafin kuɗi na neman suɓuce masa. Daga nan husuma ke tashi.

Almajiran Yesu ma sun yi gardamar wane ne babba. Kafin mu karɓi na'urar, mu zauna mu daidaita: wa zai duba lissafinta, wa zai rasa abincinsa, wa za a tuhuma in ta yi kuskure?