Dauɗa Da Tsatsa A Jikin Jirgin Ruwa: Yadda A Ke Wanke Jiragen Birmingham

Birnin Birmingham, wanda shi ne na biyu wajen yawan jama'a a ƙasar Ingila, yana can tsakiyar ƙasa, nesa da teku, ba shi kuma da wani babban kogi irin Kwara ko Binuwai. Duk da haka gari ne na jiragen ruwa. Dalili kuwa shi ne, a ƙarni na 18 Turawan Ingila sun shiga haƙa hanyoyin ruwa da hannu, watau dogayen ramuka masu kama da kogi, domin a riƙa kai kwal da ƙarfe masana'antu cikin jirage waɗanda dawakai ke ja daga gaɓa. Birnin Manchesta ya sami tasa hanyar a shekarar 1761, Birmingham kuwa a 1769.

Ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ita ce ta Kwarin Tame, wadda aka buɗe a shekarar 1844. Tsawonta mil 8 da rabi ne, tana kuma ratsa unguwar Perry Barr da ke arewacin birnin. Da ya ke ƙasar wurin gangare ce, sai aka gina ɗakunan ruwa guda 13 a jere kamar matakala. Jirgi ya kan shiga ɗaki, a rufe ƙofa a bayansa, a rage ruwa har ya sauka, sa'an nan a buɗe masa ƙofar gaba. Kafin ya fita daga na ƙarshe ya sauko ƙafa 106. Faɗin kowane ɗaki bai wuce ƙafa 7 da 'yan kai ba, jirgin kuwa ƙafa 6 ne da inci 10, ko da ya ke tsawonsa ya kan kai ƙafa 70. Saboda haka da wuya jirgi ya wuce Perry Barr bai goga haƙarƙarinsa da bango ba.

Dakon kwal ya daɗe da ƙarewa. A yau jiragen na shaƙatawa ne, dubban mutane kuma a cikinsu su ke zaune rani da damina. Tun 2012 wata ƙungiya mai suna Canal & River Trust ce ke kula da hanyoyin. Yawancin jiragen da ƙarfe a ke ƙera su: kaurin farantin gindi milimita 10, na haƙarƙari milimita 6. Ga mutumin da jirginsa shi ne gidansa, wannan milimita 6 ita kaɗai ce tsakanin gadonsa da ruwa. Abin da ya sa ke nan masu jirage su ke ɗaukar wankin jirgi da muhimmanci, domin sai an wanke dauɗa a ke ganin halin da ƙarfen ya ke ciki.

Dauɗa iri uku

Abin da ke taruwa a jikin jirgi iri uku ne, kowanne kuma da maganinsa. Na farko mai rai ne. Da zarar an saka jirgi cikin ruwa, ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani su kan shimfiɗa wata yauƙi a jikinsa cikin 'yan kwanaki. A kan wannan yauƙi gansakuka ke kamawa, musamman kusa da saman ruwa inda hasken rana ke kaiwa, daga baya kuma ƙananan halittu masu ɓawo, dangin ƙumba, su zo su maƙale. Duk waɗannan suna sa jikin jirgi ya yi kaushi, ruwa ya riƙa riƙe shi, inji ya ƙara shan mai.

Na biyu shi ne maiƙo da tabo. Ruwan ya kan ɗauko man gas da ya zuba daga injuna, da ruwan sama da ya wanko tituna, da ruwan ruɓaɓɓen ganye mai launin shayi, duk su taru su ja layi a jikin jirgi daidai inda ruwa ya tsaya. A waɗansu wurare ma ruwan ɗauke ya ke da ƙarfe daga tsofaffin ramukan kwal. Alal misali a Worsley, kusa da Manchesta, an yi shekaru aru-aru ruwan yana da launin jan ƙasa saboda haka. Man gas ya fi sauran ɓarna, gama ya kan narkar da kwaltar da aka shafa wa jirgi ya bar ƙarfe a fili.

Na uku, wanda shi ne babban abokin gaba, tsatsa ce. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ya sami ruwa da iska tare, kuma ba inda su ke haɗuwa kamar layin nan na saman ruwa, inda bangon ɗakunan ruwa da ƙanƙarar hunturu su ke kankare kwalta. Tsatsar da ta bazu ko'ina da sauƙi, domin a hankali ta ke ci. Wadda a ke tsoro ita ce mai haƙa ƙananan ramuka kamar zanzana, tana cin wuri guda har ta huda. Sau da yawa a kan tarar da waɗansu ƙuraje masu launin goro a jikin ƙarfe, in an kankare su sai a ga rami mai ƙyalli a ƙarƙashi. Masana sun gano cewa waɗansu ƙwayoyin halitta ne ke zaune cikin ƙurajen suna hanzarta cin ƙarfen.

Yadda a ke aikin

Bisa al'ada kowace shekara biyu ko uku a kan fitar da jirgi daga ruwa. Ko dai a jawo shi kan tudu bisa amalanke, ko a ɗaga shi da injin ɗaga kaya, ko kuwa a shigar da shi wani ɗaki mai ƙofa a tsiyaye ruwan har ya zauna bisa katakai. Nan take a ke fara wanki da injin feshin ruwa mai ƙarfi, tun dauɗar tana da danshi, domin in ta bushe ta kan kama kamar siminti. Bayan haka a bi da makankari da burushin waya a cire tsohuwar kwaltar da ta saki da duk tsatsar da ta yi ɓawo. Inda akwai maiƙo kuma sai a wanke da sabulu mai yanke mai, gama sabuwar kwalta ba ta kama wurin da ke da maiƙo.

Sai an kai nan a ke sanin gaskiya. Mai jirgi ya kan bi jikin ƙarfen taki-taki yana duba ramuka. In jirgin ya tsufa, kamfanonin inshora su kan nemi a kira gwani ya auna kaurin ƙarfen da wata na'ura mai aika sauti cikinsa tana sauraron dawowarsa. Ƙaramin rami a kan cike shi da walda. In kuwa ƙarfen ya sirance ƙwarai, sai a ɗora masa sabon faranti, aikin da ke cin kuɗi mai yawa.

Idan ƙarfe ya bushe sarai, sai a shafa baƙin fenti na kwalta sau biyu ko uku, ana barin kowane shafi ya sha iska, sa'an nan a jira kwana biyu ko fiye kafin a mayar da jirgi ruwa. Gaggawa a nan hasara ce: kwaltar da aka shafa bisa danshi ta kan kumbura ta ɓare. Aikin duka ya kan ɗauki kusan mako guda. Akwai wani fenti na zamani da a ke haɗa ruwa biyu kafin a shafa, wanda man gas ba ya narkar da shi, ya kan kuma yi shekara biyar ko fiye, amma ya fi tsada, kuma sai an fara goge ƙarfen tas da feshin tsakuwa.

Ƙananan jiragen da aka yi da roba mai ƙarfi haɗe da zaren gilashi ba sa tsatsa, sai dai farin jikinsu ya kan yi tabo rawaya ko ruwan ƙasa wanda sabulu ba ya fitarwa. Dirza shi da ƙarfi ɓata santsin jikin ya ke yi, dauɗa kuma ta ƙara samun wurin kamawa. Maganinsa wani sinadari ne mai tsami da a ke kira asid ɗin oksalik, wanda a kan samu kaɗan a cikin ganyaye irin alayyafo. A kan shafa shi, a bari 'yan mintoci, ya narkar da ƙarfen da ke cikin tabon, a ɗauraye. Dabarar ɗaya ce da ta matar da ke fitar da tabon tsatsa daga tufa da lemun tsami. Amma guba ne, dole a sa safar hannu a kuma kare ido, ba a kuwa haɗa shi da ruwan bilic, domin haɗin yana fitar da iska mai shaƙe mutum.

Neman maganin da zai hana dauɗa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a sami abin da za a shafa sau ɗaya dauɗa ta daina kamawa? An daɗe ana nema. A shekarar 1761 rundunar jiragen ruwan Ingila ta lulluɓe gindin wani jirgin yaƙi mai suna Alarm da farantan jan ƙarfe, don kare katakonsa daga wata tsutsar teku mai cin itace kamar gara. Dabarar ta ci, ciyawa ma ta daina kamawa, amma sai aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfe da ke riƙe da jirgin sun zagwanye. Abin da ya faru shi ne, in ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin ruwa sai su zama kamar batir, ɗaya ya riƙa narkewa ɗayan yana tsira.

A shekarar 1824 wani masanin kimiyya, Humphry Davy, ya juya wannan illa ta zama amfani. Ya maƙala 'yan curin tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen domin su narke a madadinsa. Jan ƙarfen ya tsira, amma ciyawa da ƙumba suka dawo, ashe narkewar da ya ke yi kaɗan-kaɗan ita ce ke kashe su. Duk da haka dabararsa ba ta mutu ba. Har yau a kan yi waldar waɗansu curi a gaba da bayan jirgi, waɗanda za a iya kira ƙarfen fansa: na magnisiyam a ruwan daɗi irin na Birmingham, na tutiya a ruwan gishiri. A lokacin wanki a kan duba su, in sun cinye fiye da rabi a ƙara sababbi, ba a kuma shafa musu fenti.

Birmingham ma ta taka rawa a wannan tarihi. A shekarar 1832 wani mai masana'anta na garin, George Muntz, ya yi rajistar wata irin tagulla da ya haɗa da jan ƙarfe kashi 60 cikin 100 da tutiya kashi 40. Ta fi jan ƙarfe zalla araha, tana kuma hana dauɗa. Da ita aka lulluɓe gindin shahararren jirgin dakon shayin nan Cutty Sark na 1869, wanda ke ajiye a Greenwich ta Landan.

Daga shekarun 1960 aka shiga amfani da wani fenti mai ɗauke da sinadarin TBT, wanda a ke haɗawa da kuza. Ba a taɓa samun mai ƙarfinsa ba, to, amma garin neman gira aka kusa rasa ido. A ƙarshen shekarun 1970 masu kiwon kawa a Arcachon ta ƙasar Faransa suka ga kawarsu ta daina hayayyafa, ɓawonta ya nakasa. A gaɓar Ingila kuma aka tarar matan wata katantanwar teku suna fitar da gaɓoɓin maza. Faransa ta hana ƙananan jirage amfani da shi a 1982, Birtaniya a 1987. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara yarjejeniyar hana shi baki ɗaya a 2001, ta kuma fara aiki a 2008. Jiragen da ke bin hanyoyin Birmingham yawancinsu ba sa sa fenti mai guba ko kaɗan. Gudunsu bai wuce mil 4 a awa ba, saboda haka kwalta da wanki a kan kari sun ishe su.

Ina ruwan wankin ke zuwa?

Darasin da aka koya shi ne, duk abin da aka shafa ko aka kankare daga jikin jirgi, in ba a kula ba, ruwa zai koma. A hanyar ruwa irin ta Perry Barr abin ya fi tsanani, domin ruwanta ba ya gudu kamar na kogi, abin da ya zuba ya kan kwanta cikin laka shekara da shekaru. Don haka a kan shawarci masu jirage su yi aikin asid da na kankare fenti a kan tudu, su tattara ɓarɓashin, kada su bari ya gangara.

Har ila yau, dauɗa mai rai matafiyiya ce. Wata ƙumba mai zane-zane, wadda asalinta daga yankin Baƙin Teku da Tekun Kasbiyan ne, ta shigo Ingila cikin shekarun 1820, ta bi hanyoyin ruwa ta bazu. Macenta guda na iya zuba ƙwai har miliyan ɗaya a shekara, tana kuma toshe bututun ruwan sha. A 2014 aka ga wata 'yar'uwarta a wani rafi kusa da filin jirgin sama na Heathrow. Tun 2011 gwamnatin Birtaniya ke kira ga masu jirage da masu kamun kifi su yi abu uku kafin su tashi daga wani ruwa zuwa wani: su duba, su wanke, su shanya.

Wannan shawara ta shafi Afirka ta Yamma ma. Ciyawar ruwan nan mai kama da kainuwa, mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta bayyana a Badagiri kusa da Ikko a shekarar 1984, daga baya ta kai Kogin Kwara da Tafkin Kainji, inda ta riƙa toshe hanyar kwalekwale tana lalata taru. Ɗan reshe guda da ya maƙale a jikin jirgi ko farfelar inji ya isa ya kafa ta a sabon wuri. Masuncin Yawuri ko na Tafkin Chadi da ya jawo kwalekwalensa kan gaɓa, ya kife shi, ya kankare gansakuka, ya bar rana ta gasa shi kafin ya toshe tsaga da kwalta, aiki ɗaya ya ke yi da mai jirgin Birmingham: yana tsawaita ran jirginsa, yana kuma kiyaye ruwan da ya ke ci a cikinsa.