Ko Kun Sani? Kajin Gida da Annobar Hunturu

Ko kun san cewa a Afirka an fara tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai lamba H5N1 a jihar Kaduna? A watan Fabrairun 2006 ne, a wata gonar kaji da ke Jaji.

Sai dai abin da ya fi ci wa masu kiwon gida tuwo a ƙwarya a unguwannin Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha da ke birnin Kaduna shi ne cutar Newcastle, wadda takan tsananta da hunturu. Kaza sai ta takure, fukafukai a sake, kashi kore, wata wuyanta ya murɗe. Cikin 'yan kwanaki akurki ya zama wayam. Sau da yawa sabuwar kazar da aka sayo daga kasuwa aka haɗa da na gida ita ke kawo ta, musamman gab da Kirsimeti.

Cutar ba ta da magani, amma tana da rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom na yin sa, kuma ana iya ɗiga shi a idon kaza. Abin takaici, 'yan tsakin da uwa ta kwanta wa kwana 21 sukan mutu ba a ɗiga musu ba.