Ɗan cocin da ya ga tasowar Tamanrasset

Wanda ya shiga Kasuwar Assihar a Tamanrasset, kudancin Aljeriya, zai ji Hausa na tashi ta ko'ina kamar yana Agadas. Sai dai galibin 'yan kasuwarmu da sun gama ciniki sai su kama hanya, ba su san cewa a cikin garin akwai wani ɗan coci da ya haura shekara 100 ba.

Ana kiransa La Frégate, siriri ne, an yi shi da dutse da laka. Wani limamin Kirista Bafaranshe, Charles de Foucauld, ya gina shi a 1905, lokacin garin bai wuce 'yan bukkoki ba. Tsohon soja ne da ya yi watsi da addini, sai ganin yadda Musulmin Maroko ke tsayar da salla ya sa ya soma neman Allah, daga bisani ya koma addinin iyayensa.

A 1911 ya gina wani ɗakin ibadar a kan dutsen Assekrem, kimanin kilomita 80 daga gari. Masu yawon buɗe ido kan kwana a can don su ga fitowar rana a kan duwatsun Hoggar.

Labarin ba duka ne mai daɗi ba. Foucauld yana da kusanci da hafsoshin Faransa 'yan mulkin mallaka. Ranar 1 ga Disamba, 1916, mahara suka kashe shi a ƙofar ganuwar da ya gina a garin, a watan da Kawusan ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas. A 2022 Fafaroma Francis ya sanya shi cikin waliyyan cocin Katolika.

To, me Musulmi zai je yi a can? Mutumin nan ya shafe sama da shekara 10 yana tattara kalmomi da waƙoƙin Abzinawa, ya bar ƙamus mai juzu'i 4 wanda masana ke amfani da shi har gobe. Baƙo ke nan, da harshen da ba na uwarsa ba. Mu fa, tatsuniyoyi da karin maganar kakanninmu nawa muka rubuta kafin tsofaffin su ƙare?

Idan ka je, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, ka sassauta murya, domin har yanzu wurin ibadar wasu ne. Hawa Assekrem kuwa sai da ɗan jagora da rigar sanyi mai kauri.