Shin Ko Kun San? Asibitin Jiragen Kwal na Garin Didcot

Shin ko kun san cewa a garin Didcot na ƙasar Ingila, kimanin kilomita 85 yamma da Landan, akwai wani tsohon gidan reluwe da har gobe ake hura wa jirgin ƙasa wuta da kwal? A 1932 aka gina rumfar da kawunan jiragen ke kwana, irin wurin nan da tsofaffin ma'aikatan reluwe a nan gida ke kira loko. Hukuma ta rufe shi a 1965. Yau 'yan sa-kai ne ke riƙe da wurin, kuma ba jera jiragen suka yi don kallo kawai ba. Kwance su suke yi ƙusa-ƙusa, su gyara, su mayar, har jirgin da ya shekara arba'in a mace ya tashi yana huci.

Ko kun san su wa suka kafa harsashin wannan aiki? Yara huɗu 'yan makaranta. A 1961 sukan tsaya kan wata gadar ƙafa a unguwar Southall suna kallon jirage, sai suka lura wani ƙaramin kan jirgi da suke ƙauna ba ya cikin jerin waɗanda hukuma za ta adana. Suka rubuta wasiƙa zuwa mujallar Railway Magazine suna neman gudummawa. Kuɗi suka riƙa shigowa da kaɗan-kaɗan, a 1964 aka sayi kan jirgi mai lamba 1466 a kan fam 750. Daga nan ƙungiyar Great Western Society ta tsiro, ta tare a Didcot a 1967. A duk labarin nan, wannan ne ya fi taɓa mini zuciya: babu minista a ciki, babu attajiri.

Gaggawar kuwa tana da dalili. Kan jirgin kwal na ƙarshe da hukumar jiragen Birtaniya ta ƙera, mai suna Evening Star, ya fito ne a 1960, kuma shekara biyar kacal ya yi yana aiki aka ajiye shi. Ran 11 ga Agustan 1968 jirgin kwal ya ja fasinjan hukumar a babban layi karo na ƙarshe. Dubbai aka yanyanka aka narkar.

Shin kun san ɗan jari-bola ne ya ceci mafi yawan waɗanda suka tsira daga wuƙa? Sunansa Dai Woodham, yana da filin tara tsofaffin ƙarafa a garin Barry na yankin Wales. Ya sayi kawunan jirage 297 don ya yanka. To amma a lokacin ana ta kawo masa tsofaffin taragun kaya, waɗanda sun fi sauƙin yanka, sun fi saurin kawo kuɗi. Sai ya ce a fara da su, a bar manyan sai ranar da aiki ya yi ƙaranci. Haka suka zauna a bakin teku, ruwa na dukan su, tsatsa na ci, masu sha'awa kuma na zuwa suna saye ɗaya bayan ɗaya. Daga 1968 zuwa 1990, guda 213 suka fita daga filin ba a yanka su ba. Shi kasuwancinsa yake yi, Allah kuma ya nufi alheri ta hannunsa.

Ɗaya daga cikinsu shi ne King Edward II, mai lamba 6023, ƙirar 1930. Wata rana ya goce daga kan layi a filin na Barry, maimakon a ɗaga shi sai aka sa wuta aka datse manyan ƙafafunsa na baya. Shekara da shekaru duk wanda ya duba shi sai ya kaɗa kai ya wuce. An kawo shi Didcot a 1990, aka zuba masa sababbin ƙafafu, kuma sai a 2011 ya motsa da ƙarfin kansa. Shekara 21 ke nan, galibi a hannun mutanen da ke zuwa Asabar da Lahadi ba tare da an biya su ko sisi ba.

Me ke cin wannan lokaci haka? Tukunya. Kan jirgin kwal, in ka tuɓe masa ado, wata ƙatuwar tukunyar ruwa ce a kwance bisa ƙafafu. A bayanta akwai murhu, wanda a yawancin jiragen Ingila da jan ƙarfe ake yin cikinsa. Zafin wutar na bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa ruwan, ruwa ya tafasa, tururi ya tura fistin, fistin ya tura sandunan da ke juya ƙafafu. Ƙarfin tururin da ke cikin tukunyar King Edward II ya kusa ninka iskar tayar mota sau takwas. In irin wannan ta fashe, ba a maganar wanda ke kusa. Shi ya sa takardar izinin tukunya ba ta wuce shekara goma. Da wa'adin ya cika, ko jirgin na tafiya sumul, dole a sauke ta a zare bututan a duba ko'ina.

Kuma da ruwa ake fara gwada ta kafin a kunna wuta. Ana cika ta maƙil, a matsa da famfo har ƙarfin ya zarce wanda take aiki da shi. Hikimar ita ce ruwa ba ya matsuwa, don haka in akwai rauni tsartuwa kawai zai yi.

Kunne ma kayan aiki ne a wurin. Ɗaruruwan sandunan ƙarfe ne ke riƙe da bangon murhu, kuma mai duba su guduma yake ɗauka yana bugun kan kowace, yana saurare. Lafiyayya ƙara take yi tas, karyayya kuwa muryarta a dushe. Duk wanda ya taɓa ganin uwa tana ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin ta biya kuɗi ya san wannan ilmin. Ba a koyon sa a littafi, sai an tsaya kusa da wanda ya iya.

Akwai kuma wata ƙusa a rufin murhun da aka cika cikinta da darma. In ruwa ya yi ƙasa har rufin ya bayyana, darmar ta narke, tururi ya feso kan wutar da ƙara, ma'aikata su san akwai matsala. Babban abin kunya ne ga ma'aikaci a ce ta narke a hannunsa.

Shin kun san ba a tayar da jirgin kwal da makulli? Tun jajibere ake kunna masa 'yar wuta don ƙarfe ya ɗumama a hankali, domin zafi farat ɗaya na sa gaɓoɓin tukunya su yi yoyo. Kashegari da asuba a ƙara kwal, a bi kowace gaɓa da mai. Sautin nan na "caf-caf-caf" kuma tururin da ya gama aiki ne ke fita ta bututun hayaƙi, yana jan iska ta cikin murhu, don haka duk yadda jirgi ya ƙara himma haka wutarsa ke ƙara ruruwa.

Jirgin na tafe da yashinsa, yana zuba shi gaban ƙafafu in layi ya yi santsi. Tayar ƙarfen da ke bakin ƙafar kuwa gasa ta ake yi ta buɗe, a saka, in ta huce ta kama gam. Masu zuba kwal na da, a kan wankakken shebur suke soya ƙwan karin kumallo, a bakin murhu. A zamanin, babu mai zama direba sai ya fara da goge jirgi, ya yi shekaru yana zuba kwal, kuma har yanzu wannan tsanin 'yan sa-kai ke hawa.

Cimar jirgin fa? Taragon guzurin King Edward II yana ɗaukar tan 6 na kwal da galan 4,000 na ruwa. A Didcot har yanzu ana amfani da tsohon dakalin loda kwal, inda ake tura tarago sama, a kwashe da shebur a zuba a ƙananan kuraye, a juye wa jirgi daga bisa.

Ko kun san wani jirgin wurin ya yi zaman shekara 23 a Ostireliya? Pendennis Castle ke nan, ƙirar 1924. Wani kamfanin haƙar tama ya saye shi a 1977, aka dawo da shi gida a 2000, gyaransa ya ci shekara 20 da ɗoriya. Wani kuma, Lady of Legend, daga kabari aka tono irinsa, don an narkar da duk danginsa tun 1953. Sai aka ɗauki wani jirgi mai kama da su aka sake masa ƙira, aka gama a 2019.

A gefe guda za ka ga ɗan guntun layi mai faɗin gaske, milimita 2,140, irin wanda injiniya Brunel ya shimfiɗa kafin a daina amfani da shi a 1892. Tsohon layinmu na Legas zuwa Kano milimita 1,067 ne, wato kusan rabinsa.

Abin da ke damun 'yan sa-kan Didcot yanzu shi ne kwal. Ƙasar da ta koya wa duniya jirgin kwal ta rufe mahaƙar Ffos-y-fran a 2023, wadda masu irin waɗannan jirage suka dogara da ita, har ta kai ana shigo da shi daga waje da tsada.

Mu ma fa muna da namu. A 1911 jirgi ya iso Kano, kuma kwal ɗin Inugu ne ya daɗe yana jan gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Siririn layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos don kwasar kuza, wanda aka kammala a 1914, an rufe shi a 1957, kuma akwai ragowar kawunan jiragensa a ajiye kusa da gidan tarihi na Jos. Mutanen da suka hura wa irin waɗannan wuta sun tsufa ƙwarai, kullum raguwa suke yi. Jama'a, duk mai tsohon ma'aikacin reluwe a gida ko a unguwa, a Zariya ne ko Kafanchan ko Minna, don Allah ya je ya gaishe shi, ya kunna wayarsa, ya tambaye shi yadda ake tayar da jirgin kwal.