Kafin Mu Kai Maƙwabci Gaban Alƙali

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ya ƴan'uwa Musulmi, da wuya damina ta wuce ba a ji hayaniya a unguwanninmu ba: indararon wani ya zubar wa maƙwabci katanga, awaki sun shiga gonar gero, bashin jika biyar ya shekara ba a biya ba. Da rai ya ɓaci sai mu ce mu haɗu a gidan shari'a. Kafin mu ɗauki wannan hanya, ya kamata mu yi wa kanmu tambayoyi uku.

Ta farko: haƙƙi muke nema ko huce haushi? Alƙali yana iya mayar mana da jika biyar, amma ba ya mayar da gaisuwar asuba, kuma kuɗin mota da ranakun aikin da za mu rasa sukan fi abin da ake jayayya a kai.

Ta biyu: muna da hujja? Mun karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid cewa mai ƙara shi ke kawo shaida, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. Shi ya sa aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta umurce mu da rubuta bashi.

Ta uku: mun gwada sulhu? Bukhari ya ruwaito cewa Ka'abu ɗan Maliku ya bi wani sahabi bashi a masallaci har muryoyinsu suka tashi, sai Annabi (SAW) ya yi masa nuni ya yafe rabi, ya umurci ɗayan ya tashi ya biya sauran. A nan Nijar ma, dokar karkara ta 1993 ta wajabta a fara kai rikicin gona gaban sarakunan gargajiya domin sasantawa kafin a je kotu. In an shirya, mu nemi a rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu.

Sai dai sulhu yana da iyaka. Cin gadon maraya, hana mace haƙƙinta, duka da zubar da jini, ba a rufe su da "a yi haƙuri". Duk sulhun da ya halatta haram ɓatacce ne, kuma wanda aka zalunta ba shi da laifi in ya kai ƙara.

Allah ya ba mu ikon bambancewa, ya kiyaye mana zumunci. Wassalamu alaikum.