Gwajin ƙurajen gaba: abin da ya kamata mu sani kafin mu yanke hukunci

Cutar da likitoci ke kira harpis tana fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi. Iri biyu ce: HSV-1, wadda ta fi fitowa a leɓe, da HSV-2, wadda ta fi fitowa a gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biyu cikin uku na 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ta farko, yawanci tun suna yara, kuma da yawa ba su sani ba.

Gwajin da ya fi inganci shi ne a dangwalo ruwan ƙurjin da auduga a kai ɗakin gwaje-gwaje. Don haka a je asibiti da zarar ƙurajen sun fito, kafin su bushe. Idan sun yi ɓawo, gwajin yana iya rasa ƙwayar ko da tana nan.

Gwajin jini kuwa ba ƙwayar yake nema ba, alamar garkuwar da jiki ya yi mata yake nema. Wannan alama tana iya ɗaukar mako 12 kafin ta bayyana, saboda haka wanda ya yi gwaji da wuri zai iya buƙatar maimaitawa. Wani lokaci kuma yakan nuna akwai cutar alhali babu. A tambayi malamin asibiti ko sakamakon yana buƙatar tabbatarwa.

Tunjere ma yana kawo gyambo a gaba, kuma maganinsa daban ne. A nemi gwajinsa tare da na ƙanjamau.

Ga abin da muka fi so magidanta su riƙe: babu gwajin da ke nuna yaushe aka kamu ko daga wa. Ƙwayar tana iya kwanciya a jiki shekaru kafin ta tashi. Takardar gwaji ba shaidar cin amana ba ce, kada a saki mace ko a doke ta a kanta.

Maganin asiklobir ba ya fitar da ƙwayar daga jiki, amma yana rage zafi da kwanakin ciwo. A ƙaurace wa saduwa har ƙurajen su warke. Mai juna biyu ta sanar da ungozoma wajen awo, domin cutar tana da haɗari ga jariri lokacin haihuwa.

Sakamakonku sirrinku ne. Wanda aka tsangwama ko aka yi wa barazana saboda shi ya zo ofishin kare haƙƙi, za mu saurare shi cikin sirri.