Eurovision: Daren da Allon Maki ke Tunzura Masu Kallo

A daren Asabar 13 ga Mayun 2023, a birnin Liverpool na Ingila, sai da masu gabatar da gasar waƙa ta Eurovision suka koma rarrashin 'yan kallo. Ana karanto makin alƙalai ƙasa bayan ƙasa, Suwidin na ta kwashewa, su kuwa mutanen da suka cika zauren sun kaure da ihun "Cha Cha Cha", sunan waƙar Käärijä, matashin nan ɗan Finlan mai koriyar rigar da ba ta rufe masa ƙirji ba. Alƙalai sun ba Loreen ta Suwidin maki 340, shi kuma 150. Da aka zo ƙuri'ar jama'ar gari sai reshe ya juya da mujiya: shi 376, ita 243. Amma da aka haɗa lissafi ita ce a sama, 583 da 526. Ta ɗauki kofi ba tare da jama'ar ko da ƙasa ɗaya sun sa ta a sahun farko ba. Mutanen Finlan kuwa, a ƙuri'arsu ta waya, ko maki ɗaya ba su ba maƙwabciyar tasu ba.

Wanda bai saba kallon gasar ba zai ɗauka waƙa ake taruwa ji. Ana jin waƙar, babu shakka. Sai dai abin da ke hana mutum sama da miliyan 160 barci shi ne sa'ar ƙarshe, lokacin da aka ajiye kiɗa aka ɗauko allon maki.

Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, ita ta ƙirƙiro gasar, aka fara a garin Lugano na Siwizalan a 1956 da ƙasashe bakwai kacal. Yau ana taruwa sama da talatin, har da Ostareliya da ta shigo a 2015, domin zama ɗan ƙungiyar ko baƙonta ake dubawa, ba taswira ba. Maroko ma ta taɓa leƙawa sau ɗaya, a 1980. Waƙa ba ta wuce minti uku, kuma mutum shida ne iyakar masu hawa dandamali. Daga nan tauraron ƙungiyar mawaƙa ta ABBA ya haska a 1974, a nan kuma Celine Dion ta ci wa Siwizalan a 1988 da ratar maki ɗaya tak a kan Birtaniya.

Tun 1975 kowace ƙasa ke raba maki daga 1 zuwa 8, sai 10, sai 12 ga wadda ta fi burge ta, kuma ba a yarda ta zaɓi kanta ba. To, idan an hana mutum zaɓen gidansu, ina zai nufa in ba gidan maƙwabci ba? Girka da Saifurus sun shahara wajen miƙa wa juna 12, har ta kai mai sanarwa bai rufe baki ba zaure ya ɗauki sowa. Ƙasashen arewacin Turai suna yi, na yankin Balkan ma haka. A 2008 Rasha ta yi nasara a Belgrade da taimakon tsoffin ƙasashen Tarayyar Sobiyet, Birtaniya kuma ta zo ta ƙarshe. Terry Wogan, wanda ya shafe shekaru da dama yana yi wa masu kallon BBC sharhi, ya ajiye aikin bayan wannan dare, cike da ƙorafin cewa abin ya tashi daga gasar waƙa.

Naka sai naka, gaskiya ne, amma kiran abin maguɗi kawai zalunci ne. Ɗan Saifurus da Girkanci yake magana, mawaƙan Girka yake ji a motarsa. In ya zaɓe su, kunnensa ya bi. Ga kuma 'yan ci-rani. A 2016 alƙalan Turai gaba ɗaya maki 7 suka ba mawaƙin Polan, amma waya ta kawo masa 222, kuma da yawa sun danganta hakan da ɗimbin 'yan ƙasar da ke neman abinci a Birtaniya da sauran ƙasashen yamma.

Don rage wannan son zuciya ne aka dawo da alƙalai a 2009, aka raba iko biyu: rabi nasu, rabi na jama'a. An gudu ba a tsira ba. Kwamitin mutum biyar ya zama daidai yake da miliyoyin 'yan ƙasarsu da suka kashe kuɗinsu suka buga waya. Turkiyya ta fice tun 2013, tana kukan wannan tsari da kuma gatan da aka yi wa Birtaniya, Faransa, Jamus, Italiya da Sifaniya na wucewa zagayen ƙarshe kai tsaye saboda su suka fi zuba kuɗi. Alƙalan ma ba waliyyai ba ne: a 2022 EBU ta soke makin alƙalan ƙasashe shida bayan ta lura da yadda suka yi ta fifita juna a zagayen kusa da ƙarshe.

Tun 2016 aka raba sanarwar gida biyu, alƙalai a fara, jama'a a ƙarshe. Dabara ce ta masu talabijin, kuma ta ci, domin babu wanda zai kashe akwatinsa kafin a kai ƙarshe. Sai dai ita ce ta tona asirin ɓarakar, tun da yanzu kowa na gani da idonsa inda zaɓinsa ya saɓa da na masana. Ta kuma ƙara wa faɗuwa ɗaci. A Rotterdam, a 2021, James Newman na Birtaniya ya tashi da sifili a wajen alƙalai, aka zo jama'a ma sifili, kyamara na kansa. Ya miƙe yana dariya, zaure ya yi masa tafi. Washegari masu kallo a Ingila suka ce ai Turai ce ke huce haushin ficewarsu daga Tarayyar Turai. Shekara na zagayowa Sam Ryder na Birtaniya ya zo na biyu a Turin, maganar ta bi iska.

Wanda ya sha gabansa a daren shi ne Kalush Orchestra na Yukiren, wata uku ba su cika ba da Rasha ta auka wa ƙasarsu. Jama'a sun ba su maki 439. Dokar gasar ta hana siyasa, amma ba ta da ikon hana mai riƙe da waya tausayi, kamar yadda ba ta hana zanga-zangar adawa da shigar Isra'ila a titunan Malmö, inda aka yi gasar a 2024, ba.

Mai kallo daga nahiyar Afirka ma yana da abin dubawa. Destiny, wadda ta wakilci Malta a 2021 ta zo ta bakwai, 'yar wani ɗan ƙwallon Najeriya ce. Kuma tun 2023 aka buɗe wa mazauna ƙasashen da ba sa cikin gasar ƙofar jefa ƙuri'a ta intanet, da kuɗinsu, sai dai duk taronsu matsayin jama'ar ƙasa ɗaya ake ba su.

Rigimar Liverpool kuwa ba ta kwanta ba. A 2024 jama'a Kuroshiya suka fi so, kofi ya tafi Siwizalan. A 2025 Isra'ila ce ta fi samun ƙuri'ar waya, Ostiriya ta ɗauka. Shekara uku ke nan a jere, daga 2023 zuwa 2025, zaɓin masu kallo ya ƙare a matsayi na biyu.